Kotu Tana Kiran Ƙanena, Mu Kuwa Mun Binne Shi

Baba Ɗanjuma,

Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ce, iyakata firamare, kuma hannuna ya fi sabawa da ludayi a kan biro. In ka ga maganata tana gaba tana baya ka yi haƙuri da ni. Abinci nake sayarwa a ƙofar wata masana'anta a Kudenda, muna zaune a Makera ni da maigidana Bitrus da yara. A cikin tsofaffin jaridun da nake naɗe soyayyen kifi na fara cin karo da filinka, har na koma ware shafin kafin mai ya ɓata shi.

Maganar ƙanena ce. Ba zan rubuta sunansa ba, in ka karanta zuwa ƙasa za ka ga dalili. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye shi, ni na kawo shi Kaduna. Direban tanka ne, yana lodin mai a Rido, ko aure bai yi ba. Wata rana birki ya ƙwace masa a gangara ya banke wani mai keke, mutumin ya rasu nan take. Aka yanke masa ɗauri. Bai taɓa cewa an zalunce shi a kan wannan ba, cewa yake rai ne ya salwanta ta hannunsa, dole ya biya.

A gidan yarin ne adda ta sare shi a ƙwauri wajen yankan ciyawa. Ciwo ɗan kaɗan, irin wanda a gida ruwan zafi da tsumma mai tsabta sun ishe shi. Ya roƙi a kai shi asibiti aka ce lalaci ne. Da wasu manya suka zo duba gidan yarin, shi kuma bakinsa ba ya shiru, gadon gidanmu ne wannan, sai ya ɗaga ƙafar ya nuna musu. Baƙin na juya baya aka jefa shi ɗakin horo, aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa, ƙarfen daidai kan ciwon. Kafin su tuna da shi ƙafar ta ruɓe. Likita ya yanke ta daga ƙasan gwiwa, kuma ta dama ce, wadda yake taka birki da ita.

Wanda ya kulle marin da hannunsa ba baƙo ba ne. Saje Albert ne, gandiroba, ƙauyensu na maƙwabtaka da namu, cocinmu ɗaya, shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙa. Matarsa Dorcas kusa da ni take zama a zumuntar mata.

Wani yaro lauya mai suna Daniel, ɗan bautar ƙasa daga kudu, ya bi mutanen coci ziyarar fursunoni ya ga ƙafar, ransa ya ɓaci. Shi ya shigar da ƙara a babbar kotu, a kan shugaban gidan yarin da Saje Albert, kyauta. Ni har dariya na yi masa, na ce ina aka taɓa jin fursuna ya kai gandiroba ƙara. Ya ce ɗauri ba ya mayar da mutum akuya, kuma wannan ba irin shari'ar 'yan sanda ba ce, ba wanda za a ɗaure, diyya ake nema da kuma kotu ta faɗa da bakinta cewa an yi ba daidai ba. Ƙanena ya ce shi diyyar ba ta dame shi ba. So yake a gaban mutane wani ya yarda cewa ƙafarsa ba da kanta ta ruɓe ba.

Baba, a nan na san kotu. Duk ranar zama sai in rufe tukunya in hau bas in haye gada. Ashe fursuna ba ya zuwa kotu sai alƙali ya sa hannu a takardar da ta ce a kawo shi, kuma su wa za su kawo shi? Waɗanda yake ƙara! Yau mota ta lalace, gobe babu mai, a garin da ake tace man ƙasar nan. Sai a ɗage. Lauyan gwamnati kuma ya taso da wata magana, wai an makara, ƙarar ma'aikacin gwamnati ba ta wuce wata uku da aukuwar abu. Aka yi ta ja a kan wannan kaɗai har damina ta wuce, a ƙarshe alƙali ya ce Daniel ya shigar a kan lokaci, a ci gaba.

Sau ɗaya tak suka kawo shi. Ina zaune a bencin baya na ji tafiyarsa a baranda tun kafin in gan shi, sandar guragu a kan siminti, ƙwas, sai jan ƙafa, ƙwas, sai jan ƙafa. Ya tsaya wurin shaida, tafinta na mayarwa, alƙali na rubutawa da hannu a hankali. Ya kawo labari har inda aka kulle marin, sai alƙali ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, a ci gaba wani zama. Lauyan gwamnati ko tambaya ɗaya bai kai ga yi masa ba. Da za su fita da shi ya biyo ta gabana yana murmushi, ya tambaye ni ko har yanzu ina cika wa mutane gishiri a miya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bayan haka aka mayar da shi wani gidan yari mai nisa. Daniel ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu, ya ce ya bar fayil a ofishin lauyan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Na je sau ɗaya, sakatariyar ta dube ni daga silifas zuwa ɗankwali ta ce Oga ba ya nan, ni kuma zuciya ta ɗebe ni ban koma ba. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa ƙanena ya rasu, wai tari ne. Suka ba mu gawa muka kai shi ƙauye.

A garinmu akwai abin da muka tarar ana yi. In an gama binne mutum, tsohuwar gidan takan tsaya a bakin kabari ta kira sunansa sau ɗaya, na ƙarshe, ta ce ya tafi ya huta, kada ya waiwayo. Daga nan ba mai sake kiran sunan da ƙarfi a fili, sai dai a ce marigayi. Tsofaffi sun ce in aka kira shi yakan juyo, ya zo ya tsaya yana jiran abin da za a ce masa. Ni Kirista ce, na san fasto zai ce abin da ne. Amma Mama ce ta yi wannan kira da bakinta, ina riƙe da hannunta.

Ranar ce kuma Saje Albert ya zo da dattawan coci, ya durƙusa gaban Mama yana kuka, ya ce umarni aka ba shi daga sama, shi ƙaramin ma'aikaci ne. Mama ta dafa kansa ta ce ta yafe, duniya da lahira. Ni kuwa ba a tambaye ni ba.

Da ranar zama ta zagayo na shirya na tafi, a tunanina za su rufe maganar su ce Allah ya ba mu haƙuri. Ai gwamnati ce ta tsare shi, gwamnati ce ta ba mu gawarsa, kotu ma gwamnati ce, to wa zai gaya wa wa? Sai na ji akawu ya karanta sunansa.  Ɗan sandan kotun ya fita baranda ya buɗe murya ya kira sunan ƙanena har sau uku, yadda suke yi wa duk wanda bai zo ba, har na bakin titi suna ji. Wani sabon lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba a samu kawo shi ba, zai bincika. Aka ɗage.

Baba, bayan kira na uku na ji sandar. Ƙwas, sai jan ƙafa, tun daga ƙarshen baranda har bakin ƙofa, ta tsaya. Na waiwaya, ba kowa sai rana a kan siminti.

Za ka ce me ya hana ni magana. Akwai ranar da na taɓa miƙewa tun farkon shari'ar, lokacin da aka ce mota ta lalace alhali da idona na gan ta ta wuce da buhunan masara. Ɗan sandan ya daka min tsawar da har yau ina jin ta, Daniel kuma ya ja min kunne cewa mai magana a kotu ba izini ana iya kulle shi. To ni da nake iya tsayar da leburori ashirin a layi da baki ɗaya, a ɗakin nan harshena mutuwa yake. Na koma zama na gaba, aka sake kira, na sake ji. Na bayansa ma haka. Na kasa daina zuwa, domin in ban je ba za su kira shi ya zo ya tarar ba kowa nasa.

Yanzu abin ya biyo ni waje. In jiniyar masana'anta ta yi kuka da tsakar rana, ma'aikata sun taso da kwanoni, cikin hayaniyar nan sai in ji sandar a bayana. Ba ya taɓa ni, ba ya cewa komai, tsayawa kawai yake. Ba tsoronsa nake ji ba, yaron da na goya ne. Tausayi nake ji, irin na wanda aka kira aka bar shi tsaye. A bas in mun hau gada na kama kaina ina matsawa don in bar masa wuri. Na rame, zane ba ya zama a ƙuguna. Masu sayen abinci sun fara ƙorafi wai miyata ba gishiri, don in na ɗebo sai hannuna ya ƙi zubawa.

A zaman da ya wuce alƙali ya fusata. Ya ce in farkon watan gobe mai ƙara ko lauyansa bai bayyana ba zai kori ƙarar, tunda mai ƙara bai damu da ita ba. Bai damu ba! Mutumin da ya ja ƙafa ɗaya ya zo. Wannan kalmar ta fi komai ci min rai.

Bitrus ya ce in bari a kora, ai shi ke nan an daina kiran, kowa ya huta. Ya ce lokacin soja ne, ana rage ma'aikata a wurinsu, kada in jawo mana ido. Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji, kuma yara na makaranta. Mama ba ta san ana kiran sunan ɗanta a baranda ba, in ta ji ban san abin da zai same ta ba. Dorcas tana gaishe ni har ƙasa, gaisuwar da ta fi zagi nauyi a kaina. Albert ya daina waƙa, yana zama can baya, shi ma ya zube. Wani lokaci ina tunanin ko shi ma yana jin sandar.

To Baba, ka gaya min. Ƙarar mamaci tana mutuwa tare da shi ne? In na yi shiru aka kora, na yashe shi ke nan? In kuma na ɗauka, na tsallake yafiyar uwata? Kuma yaya mace irina za ta buɗe baki a ɗakin nan ba a kulle ta ba? Ina jiran amsarka kafin ranar ta zo.

Yayar Marigayi, Makera

*

'Yata,

Allah ya ba ƙanenki hutawa, ya ba ku haƙuri ke da Mama. Wasiƙarki ba ta yi gaba da baya ba, ta fi ta lauyoyi da yawa tafiya kai tsaye. Kafin in kama wannan fili na yi shekaru ina tafinta a kotu, saboda haka barandar nan na san ta, kiran nan ma na san shi. Na kuma kai wasiƙarki wurin wani lauya abokina muka tattauna, don kada in gaya miki abin da na sani rabi.

Fara da ajiye wannan tunani na cewa gwamnati ɗaya ce. A suna ɗaya ce, a aiki kuwa kowane ofis da ƙofarsa, kuma labari ba ya tsallakawa daga wannan zuwa wancan sai an ɗauke shi a takarda. Alƙali ba ya duba irin na bokaye, ba ya kuma sauraron labarin gari. Abin da aka kawo gabansa shi kaɗai ya sani. A fayil ɗinsa ƙanenki yana nan da rai a wani gidan yari, ya ƙi neman lauya. Da ya ce bai damu ba, ba cin mutuncinsa ya yi niyya ba, rashin sani ne. Lauyan gwamnati kuwa ko bai sani ba, ko ya sani ya ga shirun ya yi masa daɗi. Ba zan yanke masa hukunci ba, amma ki sani shi ba don ku ya zo ba. A duk ɗakin nan mutum ɗaya ne ya san gaskiya kuma ta dame shi, ke ce, mai zama a bencin baya.

Saboda haka kafin maganar ɗauka ko bari, akwai abin da ba shi da zaɓi: dole kotu ta ji cewa ya rasu. Ki nemi takardar shaidar mutuwarsa, ko wadda aka ba ku lokacin karɓar gawa. Ki koma ofishin lauyan nan, wannan karon da Bitrus ko wani dattijon coci, ku zauna har Oga ya dawo. Sakatariya ba ita ce lauya ba, kuma silifas ba ya hana shiga. Ƙarar daga ofishinsu ta fito, akwai nauyinta a kansu, ko su tsaya ko su ba ki fayil ki kai wa wani. Ki rubuta wa Daniel ma, yaron da ya yi wannan kyauta ba zai rasa abokin da zai haɗa ki da shi ba. In duk wannan ya ƙi kafin ranar, ki je ofishin rajistaran kotun tun da sauran kwanaki, ki faɗi sunayen masu shari'ar, ki ce kina so ki yi takardar rantsuwa cewa mai ƙara ya rasu. Za su nuna miki inda ake yi, a sa a fayil. Ranar zama kuma ki isa da wuri ki gaya wa akawu ke yayar mai ƙara ce, kina da maganar da alƙali ya kamata ya ji. In an kira, ki miƙe ki ɗaga hannu ki jira a ba ki izini. Gargaɗin Daniel gaskiya ne, amma a kan katse kotu ne da gardama. A duk zamana ban taɓa ganin alƙalin da ya kulle mace don ta sanar da shi rasuwa ba. Abin da za ki roƙa a ranar kaɗan ne, a ba ku lokaci iyali su yi shawara.

Kin tambaya ko ƙara tana mutuwa da mai ita. Abokina ya ce akwai waɗanda suke mutuwa, amma irin wannan ta rauni a jiki galibi tana rayuwa, magada su roƙi kotu ta sa sunan ɗayansu a madadin na mamacin. Akan buƙaci takardar izinin kula da abin da ya bari, kuma tunda bai yi aure ba, ba za a yi wannan a bayan Mama ba. Lauyan da ya riƙe fayil shi zai tabbatar miki dalla-dalla, kada ki tsaya a kan maganar jarida.

Shawarar Bitrus ta a bari a kora tana da rami a ciki. Kin tuna wata ukun nan da aka kwashe damina ana ja a kai? Ƙanenki ya riga ya tsallake wannan. In aka kori ƙarar, ana iya roƙon a dawo da ita, amma roƙo ne, ana iya ƙi. In kuma aka ce sabuwa za ku shigar, wannan maganar za ta tare ku a ƙofa. Wato shirun da kike gani kamar rashin yanke shawara ne, shi ma yanke shawara ne, kuma mai wuyar warwarewa. Ga shi za a rubuta cewa shi ne ya yi watsi da ƙararsa, abin da ni da ke mun san ƙarya ne.

Amma ba zan shafa miki zuma ba, tsoron Bitrus ba shirme ba ne. Mai gida ne da yara a makaranta, yana kallon ana sallamar abokan aikinsa. Shari'ar kanta ta yi rauni. Babban mai shaida ya tafi bai gama magana ba, ɗaya ɓangaren bai yi masa tambayoyi ba, za su ce kada a ba maganarsa nauyi. Sai an nemo likitan da ya yanke ƙafar, da fursunonin da suka zauna da shi suka fito, da baƙin da ya nuna wa ciwon in za su yarda. Za a yi ta ɗagewa, za ki yi ta rufe tukunya, kuma bayan duk wannan ana iya kayar da ku. Wanda ya gaya miki nasara tabbas ce, kuɗin motarki yake so. In kun zauna kun ga ba za ku iya ba, janyewa ba abin kunya ba ne, muddin da bakinku kuka janye, aka kuma rubuta dalilin gaskiya.

Maganar yafiya kuwa, ban ga kin tsallake Mama ba ko da kin ci gaba. Abin da ta yafe nata ne, zafin uwa a kan Albert, kuma ta yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Wannan ƙara ba ta neman a ɗaure Albert. Tambaya take yi, wa ya ba da umarni a sa ƙarfe a kan ciwo, kuma an yarda a yi wa ɗan Adam haka? Ɗakin horon nan yana nan, marin ma yana nan, yau ƙila ƙafar ɗan wata ce a ciki. Albert ya ce umarni aka ba shi. Ya faɗa a gaban tsohuwa mai makoki, bai faɗa a inda ake rubutawa ba. Mutumin da ya daina waƙa ya koma bencin baya, wataƙila faɗar ce za ta sauke masa nasa kayan. Amma kada ki je ki tsara magana da shi ko da Dorcas, wannan aikin lauya ne, in ma sulhu za a yi ta hannunsa za a bi. Ki amsa gaisuwarta kamar yadda aka saba, ita ba ta kulle kowa ba.

Ki je ƙauye ki gaya wa Mama komai, har da kiran. Kina ɓoye mata don kada ta karye, amma matar da ta iya tsayawa a bakin kabarin ɗanta ta sallame shi ta fi ƙarfin da kike zato. Ɗanta ne kafin ya zama ƙanenki. Ki gaya mata abin da ya ce yana so daga wannan ƙara, da kalmominsa. In ta ce a bari, ki bi ta da zuciya ɗaya. In ta ce ke ki tsaya, ni da za a tambaye ni, sai in ce ki tsaya.

Saura sandar. Ba zan ce miki ƙarya kike ba, ba zan kuma ce na san abin da ke wancan gefen ba. Abin da na sani shi ne kin ɗauki magana mai nauyi ke kaɗai, kina zuwa wata bayan wata ana fama miki ciwo a bainar jama'a, bakinki a rufe. Ko dutse ne sai ya ji wani abu. Ki gaya wa fasto, ba don ya yi miki wa'azi ba, don ya raka ki kotun. Ki je asibiti a duba wannan ramar. Ki ci abincin da kike dafa wa mutane, ki kuma mayar musu da gishirinsu, ai tsokanarki ƙanenki yake yi ranar, ba haninki ya yi ba.

Tsofaffin garinku sun ce wanda aka kira yakan zo ya tsaya yana jiran abin da za a ce masa. To ni tsohon tafinta ga abin da na sani game da kotu: ba ta daina kiran suna sai wani ya amsa. Ranar da kika miƙe kika faɗi gaskiya, ɗan sandan nan ba zai ƙara fita baranda da sunan ƙanenki ba. In kun janye, an rufe fayil a kan cewa ya rasu, ba a kan cewa bai damu ba. In kun ci gaba, sunan da za a riƙa kira naki ne, ke kuwa kina da rai, kina da ƙafa biyu, kina da bakin gidanku.

Farkon watan gobe za su kira shi, ki bari ya zama na ƙarshe. Kada ki jira kira na uku. Ana faɗin sunan ki miƙe ki amsa masa, ya samu ya tafi inda Mama ta ce ya tafi.

Allah ya ba ki ƙarfin gwiwa, ya sanyaya zuciyar Mama, ya tsare muku yaranku.

Baba Ɗanjuma